Gwadon Inna da Jirgi na Gaba

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa.

Wannan takarda daga hannun ubanka take, Ɗanjuma mai tsiren unguwar Misfala a Makka, zuwa ga ɗana Usmanu, wanda nake kira Abba saboda sunan mahaifina ne a kansa. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sauke ka Jidda lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin direba mai gyangyaɗi, da sharrin ruwa da abin da ke cikin ruwa, da sharrin halin da ka gada a wurina. Amin.

Bayan haka, ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka izu goma sha ɗaya ya kai, sannan shi da allo suka rabu ba baram-baram ba, amma ba a sake gaisawa ba. Malamin da ya koya mini ya ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. In wata kalma ta gagare ka, kada ka kai wa kowa ya karanta maka. Ka zauna ka yi ta lalube. Hausarka gurguwa ce, rubutuna gurgu ne, sai su dafa juna su kai ka.

Da baki na so in faɗa maka. Shekaranjiya da safe muna cin ful da tamis, waken nan da gurasa, na gyara murya na ce, “Abba, akwai maganar bahar da nake so mu yi.”

Ka ce, “Abuya, ta kifin da ya ja ka har tsakiyar ruwa, ko ta Baturen da hularsa ta tashi?”

Uwarka ta ce, “Don Allah kada ka tayar masa, shayi zai huce.”

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, na kuma ba da labarin kifin karo na ɗari. Mutumin da ya shekara talatin yana ba mutane dariya, ranar da ya zo da kuka sai a ce ya sake salo ne.

Sai uwarka ta tambaye ka yaushe za ka riƙa leƙo mu. Ka ce, “Ya ummi, Jidda ce fa, ba Sin ba. Kullum akwai mota. In na rasa ta yau, na hau ta gobe.” Abba, na taɓa jin wannan maganar, kuma da muryata na ji ta.

Ba hana ka zan yi ba. Aikin mina, tashar jiragen ruwa, aiki ne, an kuma ce masu sauke kaya daga manyan jirage suna neman samari masu ƙarfi irinka. Duk wanda ya ce maka zaman bakin bahar, wato teku, ba daɗi, ko maƙaryaci ne ko bai taɓa zuwa ba. Nan Makka, Allah ya ƙara mata daraja, duwatsu sun kewaye mu kamar tanda, mu ne wainar. Can kuwa da la’asar iska ke tasowa daga ruwa, ta shiga ta wuyan riga ta fita ta hannu, kamar an aiko ta musamman ta tambayi lafiyarka. Ka taka yashi mai laima, ruwa ya zo ya lashi ƙafarka ya koma, ya sake dawowa, ba ya fushi ba ya gajiya. Idonka ya yi ta tafiya har ya gaji bai ci karo da dutse ba. A fito da kifi yana wutsil-wutsil, kafin ka gama alwala an soya. Rana ta faɗa cikin ruwa ja wur kamar garwashi, har ka kasa kunne ko za ka ji cuuu. Babu kuma mai tambayarka ɗan wane ne kai. Wannan na ƙarshen ya fi kifin daɗi, shi ne kuma ya cinye ni.

Ka san daga ƙasar Rano muka taso, ni da Baba da Inna, ina ɗan shekara goma sha biyu. Ka san shekara bakwai muka yi a hanya, mu yi noma a gonar mutane mu ƙara gaba, mu tsinci auduga mu ƙara gaba. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da Inna ke yi da audugar da masu gona ke bar mata. Duk zangon da aka sauka, mazarinta na hannunta. Da muka yi shekara biyu a wani gari a bakin Nilu sai ta kafa masaƙa, ta saƙa gwado huɗu farare, biyu na Baba, biyu nawa, na ɗaura harami. Saƙar mata ce mai faɗi, ba irin ta maza da sai an harhaɗa da allura ba, don ta ce harami ba ya son ɗinki. Ta ba Baba nasa. Nawa ta naɗe ta sa a ƙunshinta. Na ce ta ba ni, ta ce, “In ba ka ka shimfiɗa ka ci gyaɗa a kai? Ranar ɗaurawa na ba ka.”

Haka muka iso Sawakin, inda alhazai ke jiran jirgin da zai tsallakar da su. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogi ba, na saki baki na ce, “Baba, wa ya haƙa wannan?” Ya ce, “Wanda ya haƙa shi bai nemi taimakonka ba. Ɗauki kayanka.”

Ga kuskurena na farko, kuma shi ne ƙarami. Kwana uku da saukarmu na iske masunta suna gyaran koma, na ce musu ni jikan sarkin ruwa ne a ƙasarmu. Duk iyona a kududdufin bayan gari na koye shi, inda in ka gaji sai ka miƙe tsaye. Suka ce bismilla. Na yi tsalle daga kan jirgi, na nemi ƙasa da ƙafa, ƙasa ta ce ba ta nan. Na sha ruwan gishirin da zai ishi tsiren shekara. Wani mai jirgi, Rayyis Awad, shi ya kamo ni ta gashi ya jefa ni ciki kamar buhu. Wannan shi ne labarin kifin da ya ja ni. Babu kifi, Abba. Bakina ne ya ja ni. Saboda haka ranar da ka isa mina, kalmar farko da za ta fito daga bakinka ita ce “ban iya ba.” Bahar bai san ubanka ba, in ma ya san shi, ba da alheri ya san shi ba.

Da kunya ta kore ni daga bakin ruwan ranar nan, da na huta. Amma Rayyis Awad ya ga ina ba yaransa dariya, ya riƙe ni. Ya koya mini iyo na gaskiya, da ɗaurin igiya, da gane iska. Wata huɗu muka yi muna jiran jirgi, kafin su cika na zama ɗan gari. Jiragen da ke ɗaukar talakawa irinmu, sambuk ake ce musu, ba sa matsowa gaɓa, can cikin ruwa suke tsayawa. Sai an sami masu kai kaya a ka, da masu goya tsofaffi su ratsa ruwa da su har jirgi. Aikin da na kama ke nan, na kuma iya shi.

Ranar da wurinmu ya samu, mu uku, bayan sallar asuba ne. Ni na goya Inna. Wallahi Abba ba ta fi damin auduga nauyi ba, hanya ta cinye ta. Tana bayana tana ta salati, tana cewa in bi a hankali. Na ɗora ta cikin jirgi, na koma na kawo kayan Baba. Sannan na tsaya cikin ruwa iya ƙirji, na waiwaya na dubi gaɓa. Ga yaran Rayyis suna hura wutar gasa kifi. Ga iskar safe. Na ji ba zan iya rabuwa da wurin nan ba.

Na ce, “Inna, ga wani tsoho can bai sami wuri ba, kwanansa ya ƙare a jira. Na bar masa nawa saboda Allah. Ina nan tafe a jirgi na gaba.”

Tsohon gaskiya ne, yana nan. “Saboda Allah” ɗin ne ƙarya. Baba ya dube ni, shi ya gane.

Inna ta ce, “Haraminka fa yana cikin kayana.”

Na ce, “Riƙe mini, Inna. Kwana nawa ne?”

Ta miƙo hannu ta shafa kaina, ta ce, “To. Kada ka daɗe cikin ruwan nan, sanyi zai kama ka.”

Na je na goyo tsohon ina jin kaina kamar waliyyi, har yana sa mini albarka. Wannan shi ne kuskure na biyu. Ka ji tsoron son zuciya ranar da ya naɗo rawani ya zo maka da carbi. In ya zo tsirara za ka gane shi, ka ji kunya. Amma ranar da ka ji kanka yana cewa, “Ba zan je gida wannan Juma’ar ba, don abokina ba shi da lafiya, zan yi masa aikinsa,” ka tsaya ka tambayi kanka: in da abokin nan a tsakiyar duwatsu yake, cikin zafin azahar, zan zauna masa? In amsar a’a ce, to ba abokin ka zauna wa ba, iska ka zauna wa.

Jirgi na gaba ya zo bayan kwana tara. Na loda shi da hannuna, na ɗaga masa hannu. Na gabansa ma haka. Ba wai na ƙudura ba zan tafi ba, ko sau ɗaya ban ƙudura haka ba. Kullum tafiya zan yi. Abin da ba a gaya maka game da bakin bahar ke nan. A ƙasarmu damina tana tuna maka shekara ta juyo, kaka ta tuna maka ta ƙare. Ruwan can kuwa yadda ya zo jiya haka zai zo yau. Kana kwance a inuwar jirgin da aka kife, kana cewa gobe, shi kuma yana amsa maka da to, to, to. Da haka na shekara shida.

Shekara shida ina goyon uwayen mutane. Na goya ta Katsina, na goya ta Zazzau, na goya ta Damagaram mai cizon kunne in ruwa ya taɓa ƙafarta. Kowacce in na ɗora ta a jirgi sai in miƙa mata ƙunshin busasshen kifi in ce, “Iya, sallahu zan ba ki. In kin isa Makka ki nemi Misfala, ki tambayi Malam Usmanu na Rano. Ki ba matarsa wannan, ki ce Ɗanjuma yana gaisuwa, yana tafe a jirgi na gaba.” Har yaran gaɓa suka daina kirana da sunana. Jirgi-na-gaba suke ce mini, ina amsawa, ina ma taya su dariya.

Kuskure na uku ke nan, kuma shi na fi ji maka tsoro, don yanzu aike ya yi sauƙi. Duk ranar da na ba da kifin nan sai in ji sakayau, kamar na je na gaishe ta na dawo. Aike ƙaiƙayin mai aike yake sosawa, ba ya kashe ƙishirwar mai jira. Mutanen da suka ce zuwa da kai ya fi aike ba don saƙo yana ɓata a hanya suka faɗa ba. Nawa duk sun isa, ko ɗaya bai ɓata ba. Za ka sami direban da zai kawo wa uwarka tsaraba, ka ba shi, ban hana ba. Amma kada ka ƙirga shi a zuwa.

A shekara ta shida wata tsohuwa ’yar Zazzau, Gwaggo Dije, wadda na goya da za ta tafi, ta dawo daga hajji. Na shiga ruwa na juya mata baya ta hau. Muna tsakiyar ruwa ta leƙo fuskata ta ce, “Kai ne ɗan banzan nan mai kifi?”

Na ce, “Ni ne, Hajiya. An dawo lafiya? Kifin ya yi daɗi?”

Ta ɗaka mini duka a ka da carbinta, irin mai manyan ’ya’ya. Ta ce, “Wa ya ci? Yana can rataye a ɗaki, ƙunshi a kan ƙunshi, duk kuliyoyin Misfala sun san gidan. Ta ce sai ka zo za a yi miya da shi.”

Na ce, “To ai ya ƙara daɗi, Hajiya, kifi da tsufa…”

Ta ce, “Rufe mini baki. Duk ranar da ayarin raƙuman Jidda zai shigo, uwarka tana Jarwal inda ayarin ke sauka, a gindin bango, tun hantsi. Idonta ya yi hazo, ba ta gane fuska, murya take saurara. In ta ji saurayi ya yi Hausa sai ta ce, ‘Yaro, daga Sawakin? Ka baro wani jirgi a bayanka?’”

Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce, “Hajiya, laifin iska ne, ba ta daidaita ba.”

Ba ta sake dukana ba. Na sauke ta a kan yashi, ta gyara mayafinta, ta dube ni ta ce, “Allah ya ba ka ɗa mai kama da kai.” Na ce amin, ina tsammanin addu’a ce. Ranar da aka haife ka unguwarzoma ta fito tana cewa, “Kamar an tsaga kara!” Kowa yana murna, ni kuwa sai na tuna Gwaggo Dije.

Maganarta ta shige ni, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. A ranar na ce wa Rayyis Awad zan tafi. Akwai sambuk mai tashi bayan kwana biyu, akwai kuma wuri. Sai Rayyis ya ce, “Ya Ɗanjuma, bikin ɗana saura mako uku. Wa zai ba mutane dariya in ba ka nan?” Na ce a raina, wanda ya yi shekara shida, mako uku me zai ƙara? Na tsaya. An yi biki a bakin ruwa, an yi kiɗa, an ci shinkafa da kifi. Na kwaikwayi tafiyar Bature, na kwaikwayi kaina ina nutsewa, mutane har suna riƙe ciki. Ban taɓa ba da dariya irin ta ranar nan ba.

Bayan biki da kwana biyu na hau. Da aka zo inda ake ɗaura harami sai na tuna nawa yana wajen Inna. Mai jirgi ya yago mini tsohon ƙyallen da ke kama wa jirgi iska ya raba biyu, na ɗaura. Ƙyallen nan ya shekara goma yana shan ƙarnin kifi. Na taka daga Jidda kwana biyu a cikinsa, ga rana, ga gumi. Tun da nake ban taɓa yin ɗawafi cikin sauƙi irin na ranar ba, duk inda na nufa sai mutane su dare. Wannan ma na sha ba ku labarinsa kuna dariya. A nan nake tsayawa kullum, in ce shayi ya huce. Yau zan ƙarasa.

Na gama umara, aka aske mini kai, na tambayi Misfala. Na iske Baba zaune a ƙofar wata bukka yana tufka igiya. Ya tsufa har na so in wuce shi. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ya dube ni ya ce, “Jirgi na gaba ya iso ke nan.”

Na ce, “Ya iso, Baba. Ina Inna?”

Ya ce, “Ta hau nata. Yau kwana goma sha ɗaya.”

Mako uku na biki, a cire kwana goma sha ɗaya. Wannan ko mai izu goma sha ɗaya ya iya shi. Kwana goma zan samu da ita, Abba. Kwana goma, da ta ji muryata, da ta shafa kan nan da aka aske, da an yi miyar kifin. Na sayar da su na sayi dariyar mutanen da yau ko sunana ba su tuna ba.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da gwado fari, ɗaya. Ya ce kowace shekara sai Inna ta kai su biyun ta wanke da Zamzam, ta shanya, ta naɗe. Da ciwo ya yi tsanani ta ce masa, “Ku sa ɗaya cikin likkafanina. Ɗayan ku ajiye masa. In ya zo ya tambaya, ku ce rabin yana wajena, na riƙe masa kamar yadda ya ce.”

Washegari ya kai ni Ma’ala. Ka san yadda maƙabartar take, ba suna, ba alama, duwatsu ne kawai a jere. Ya ɗaga hannu ya nuna wani sashe mai faɗi ya ce, “Tana ta wajen nan.” Shi ke nan. Shi ya sa in mun je ziyara kake ganin ina yawo ina sallama ko’ina kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Da muka dawo ya ce in kwashe kifina daga ɗakin. Na kwashe, na kai bayan dutse na binne. Tun daga ranar ban sake sa kifi a bakina ba. Na ce muku ƙuraje yake sa ni. Ƙarya ce, wannan fatar ko kunama sai ta yi shawara.

Baba ya yi shekara tara bayan haka. Ya ga aurena, ya ɗauke ka a hannunsa, ya yi maka huɗuba. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki igiyar nan ya zane ni. Sai dai in na kawo masa abinci ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Ban san dukan da ya fi wannan zafi ba.

Saura kuskure ɗaya, kuma kai na yi wa shi. Na raba labarin nan biyu kamar gwadon, na ba ka rabin mai daɗi, na ɓoye ɗayan. Tun kana rarrafe nake zuba maka bahar a kunne: iska, kifi, hular Bature. Uwarka ta san sauran, ta sha ce mini, “Malam, kana shayar da yaron nan ruwan gishiri, ranar da ƙishirwa ta taso masa kada ka ce ban faɗa ba.” Ni kuma in ce ai wasa ne. Gaskiyar ita ce har yau ina son wurin. Shekara ashirin da wani abu ban taka Jidda ba, ba don na ƙi ruwan ba, don ina tsoron in gan shi in ji har yanzu yana da daɗi. To ga shi ƙishirwa ta taso maka. Ba ni da bakin hana ka. In ka haifi naka, ka ba shi labari duka, ko kuwa ka yi shiru duka.

Yanzu ka duba abin da takardar nan take naɗe a ciki, a ƙasan jakarka, ƙarƙashin tob, doguwar rigarka ta Juma’a. Shi ne gwadon. Ban taɓa ɗaura shi ba, duk hajjin da na yi da na kasuwa na yi. Na ajiye shi ne a sa cikin likkafanina, in je in same ta da shi, in ce, “Inna, ga ɗayan, na iso.” Uwarka ta sani, limamin unguwa ya sani.

Na ba ka riƙonsa. Ka kuma san garin nan ba a jiran kowa. Mutum ya cika da hantsi, a sallace shi da azahar a Harami, kafin la’asar an dawo ana shan gahawa. In ka zauna sai labari ya iske ka a mina, kafin ka sami mota an naɗe ni a yadin kasuwa an kai ni, kai kuma a bar ka da gwado a hannu kana yawo cikin duwatsu kana sallama. Na ɗanɗana, ba na yi maka fatansa.

Saboda haka ga sharaɗi. Juma’ar farko ta kowane wata ka kawo mini shi in duba, ko laimar bahar ta taɓa shi, ko asu ya shiga. In na duba na ga lafiya, ka ci tuwon uwarka, ka kwana, ka koma da shi. Kada ka ba direba. In gwado ya zo babu kai, a motar zan mayar da shi, in kuma biyo shi da zagin da Baba ya hana ni. Za ka ce wayo ne. Wayo ne mana. Ubanka bai iya karatu ba, amma Rayyis Awad ya koya masa ɗaurin da ba ya kwancewa, jirgi ya yi ta yawo a kan ruwa yadda yake so, igiyarsa tana gaɓa.

Ba don ni kaɗai ba ne. Ni in na mutu a buhun gawayi ma aka sa ni na cancanta. Jiya da hantsi ina jera nama a tsinke na ji uwarka ta katanga tana tambayar maƙwabciyarmu wane lokaci motar Jidda take shigowa Jarwal, kuma ko akwai inuwa a wurin. Ko tafiya ba ka yi ba, Abba. Ta fara neman gindin bango.

Ka sha iskarka, ka taka yashinka, ka yi iyo in ka koya. Ka riƙe salla a kan lokaci, don ruwa ba ya kiran salla. Kada ka kwanta da jiƙaƙƙen tufa. Amma ranar da ka tsaya a tasha ka ji bakinka yana shirin cewa “na hau ta gobe,” ka cije shi ka hau wadda ke gabanka. Na shekara shida ina jiran jirgi na gaba, ban taɓa ganinsa ba. Duk wanda ya zo, na yau ne.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya maimaita hakan har mota ta gaji da kai. Allah ya tsare gabanka da bayanka, a tudu da cikin ruwa. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya yafe wa ɗansu. Allah ya sa addu’ar Gwaggo Dije ta tsaya a fuska, kada ta kai ga hali. Uwarka tana sa maka albarka, ba ta san na rubuta wannan ba, amma ta ga na ɗauki gwadon.

Wassalam. Ni ne ubanka, Ɗanjuma.

Af, na manta. In za ka zo Juma’ar farko, ka taho da kifi, soyayye, mai ɗan yaji. In kai ka kawo shi da hannunka, zan ci.